Yaron Ido, Yaron Kunne, Yaron Hannu

A bakans ɗin bara, da na koma gida Tawa, wani abokina ya saka sunana cikin masu ba yara darasin hutu. Kafin mu fara, wata ƙungiya mai zaman kanta ta tara mu kwana biyu, mu wajen ashirin, yawanci ɗaliban jami'a, aka yi mana formasiyon. An ciyar da mu, an ba mu jika bibbiyu kuɗin mota, sannan aka miƙa wa kowa takarda ɗaya mai tambayoyi goma sha biyar. Mai horon ya ce da wannan takarda za mu gane irin kan kowane yaro. Wai yara kashi uku ne wajen koyo: akwai mai ɗauka da ido, akwai mai ɗauka da kunne, akwai wanda sai ya taɓa da hannu ko ya motsa jiki. A takardar an rubuta su da Faransanci: visuel, auditif, kinesthésique. Aikinka ka raba wa yara, kowa ya zaɓi a ko b ko c, ka ƙidaya, harafin da ya rinjaya shi ne irin yaron. Daga nan sai ka shigar masa da Faransanci ta ƙofar da take a buɗe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya burge ni. Ga sauƙi, ga kamar tausayi a ciki: babu daƙiƙin yaro, ƙofarsa ce ba a gano ba. Wa zai ƙi irin wannan magana?

Cikin yaran da suka faɗo hannuna akwai ɗan kawuna, ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ya maimaita sizyam, kuma Faransanci ne ya kayar da shi. Shekara takwas yana zuwa lakwal, amma in an yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bik. Ya cika takardar, na ƙidaya, c ya fi yawa. Da dare muna cin tuwo a tsakar gida, don in nuna na yi ilimi, na ce wa Kawu ai na gano matsalar yaron nan, shi mai koyo da hannu ne. Kawu ya ajiye loma, ya dube ni, ya ce: "To, ai ga shi ka hwaɗa da bakinka, kai da ka yi karatu. Wanga yaro na hannu na, ba na takarda ba. Ni dama na sani." Na yi ta kame-kame, na ce Kawu ba haka nake nufi ba. Ina! Magana zarar bunu ce. Da aka koma lakwal a watan Oktoba, shi garaji aka kai shi aparanti.

Kawu ya daɗe yana neman dalili, ni kuma na ba shi, har da tambarin jami'a a kai. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma tun da na koma Yamai nake bin diddigin takardar nan, in san daga ina ta fito, kuma me masana suka ce a kanta. Abin da na samo nake so in shimfiɗa muku, domin da yawa cikinmu, ko mun so ko mun ƙi, alli za mu riƙe bayan lisans, kuma wata rana za a miƙo mana irinta.

Ra'ayin cewa kowa yana da salon koyonsa ba jiya ya fara ba. A ɓangaren Faransanci, Antoine de La Garanderie ya fitar da littafinsa Les profils pédagogiques a 1980, inda ya yi maganar ɗalibai masu maido da darasi a zuci ta hoto da masu maido da shi ta sauti. A 1987 wani malamin ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, ya tsara takardar tambayoyi da ake kira VARK, wadda ta ƙara kashi na huɗu, wato masu son karatu da rubutu. A wannan shekara dai Joy Reid ta buga bincikenta kan ɗalibai baƙi masu koyon Ingilishi a Amurka, kuma aikinta na cikin waɗanda suka shigo da maganar sosai cikin fagen koyar da harshe na biyu. Takardar da aka ba mu a Tawa jikanyar waɗannan ce, an rage mata nama an bar ƙashi. Kuma yawan irinta ya isa ya sa mutum ya yi hattara: a 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Ingila suka ƙidaya tsare-tsaren salon koyo har 71, suka duba 13 da suka fi shahara da kyau, suka tarar mafi yawansu ma'auninsu bai tsaya da ƙafarsa ba.

To, a nan akwai magana biyu da ake cakuɗawa. Ta farko: mutane suna da abin da suka fi so, wani ya fi son a karanta masa, wani ya fi son ya gani a tablo. Wannan gaskiya ce, ba mai musu. Ta biyu: in ka koyar da mutum ta hanyar da ya fi so, zai fi koyo. Wannan ita ce ake sayar mana, kuma ita ce ba ta da shaida. A 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam su huɗu, Pashler, McDaniel, Rohrer da Bjork, suka bayyana irin gwajin da zai tabbatar da ita. Ka raba ɗalibai bisa salonsu. A cikin kowane kashi, ka yi ƙuri'a: rabi a koya musu ta ido, rabi ta kunne. Ka yi wa kowa jarrabawa iri ɗaya. In maganar gaskiya ce, ƴan ido za su fi ci a darasin ido, ƴan kunne su fi ci a darasin kunne. Da suka bincika abin da aka rubuta, sai suka ga ƙalilan ne suka yi gwaji irin wannan, kuma cikin waɗanda suka yi, da dama sun samu akasin abin da ake faɗa. A 2015 Rogowsky da abokan aikinta suka gwada da manya, wasu suka saurari littafi, wasu suka karanta shi, ba a ga salon mutum ya haɗu da hanyar da ya fi fahimta ba.

Kada wani ya ce malamanmu ne ke da saurin yarda. Wani bincike na 2012 ya nuna fiye da tara cikin goma na malaman da aka tambaya a Ingila da Holan sun yarda da wannan magana. Ciwon na ko'ina ne. Sai dai a wurinmu ya fi tsada, domin yaron da aka yi wa lamba a can yana da laburare da wata dama gobe, namu kuwa garaji ke jiransa, yarinya kuma aure.

Bari in fara da takardar kanta, yadda na gan ta tana aiki a aji. Abu na farko, da Faransanci aka rubuta ta. Wato yaron da bai ji Faransanci ba, shi ake tambaya da Faransanci yadda ya fi son a koya masa Faransanci. Kalmomi irin su schéma da mode d'emploi sai da na tsaya na fassara, kuma duk da haka na ga ido yana leƙa takardar maƙwabci. Daga baya na tambayi ɗan kawuna me ya sa ya yi ta zaɓen c. Ya ce: "Yaya, ita ce ta fi gajarta." Kun ji ma'aunin da aka auna rayuwar yaro da shi.

Abu na biyu, tambayoyin ba don garinmu aka yi su ba. Wata tana cewa in ka sayi sabuwar na'ura, takardar bayani kake karantawa, ko wani kake tambaya, ko taɓe-taɓe kake farawa? Salular da ke hannun yaran nan ta hannu ce, ta ratsa mutum uku kafin ta iso, wace takardar bayani? Wata tana cewa in za ka wurin da ba ka sani ba, taswira kake so ko kwatance? Wa ya taɓa neman gidan suna da taswira a Tawa? Ana ce maka ka bi bayan masallaci, in ka ga mai tuyar ƙosai ka karya dama. Yaron da ya tashi a ajin da mutum huɗu ko biyar ke leƙen littafi ɗaya, in ya ce ya fi son saurare, rashin littafi yake ba ka labari. Takardar tana auna sabo da hali, sai ta rubuta sakamakon da sunan halitta. Ita kanta Reid ta lura cewa zaɓin ɗalibanta yana bambanta gwargwadon daɗewarsu a Amurka. Abin da ke canzawa da canjin wuri, ai ba jini ba ne.

Daga nan ne wata magana mai haɗari take ɓullowa. Da muka kai sakamako, b ya yi yawa a ajujuwa da dama, sai mai horon ya yi murmushi ya ce ai ba mamaki, mu mutanen Afirka mutanen baka ne. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da Larabci da ajami, inda Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, inda ƴan uwanmu masu Tamajak suke da tifinag tun kaka da kakanni, ita ce za a ce mutanenta kunne kawai gare su? An hana yaro littafi, an dawo an ce dama shi ba mai son littafi ba ne.

Suka ta uku ita ce ta fagenmu, mu ɗaliban kimiyyar harshe, kuma ita ta fi ƙarfi a ganina. Harshe ba ya tambayar ka wace ƙofa ka fi so. Kowane ɓangarensa yana da ƙofar da dole ta nan za a shiga. Ɗauki Faransanci. Il parle da ils parlent, a baki ɗaya suke, ko kunnenka ya kai na zomo ba za ka ji bambanci ba, sai ka gani a rubuce. Haka verre, vert, vers da ver: kofin gilashi, tsanwa, wajen, da tsutsa, furuci guda, rubutu huɗu. A nan kowane yaro yaron ido ne, ko ya so ko bai so ba. Juya kuma ka ɗauki dessus da dessous, sama da ƙasa. Wasalin u na Faransanci babu shi a Hausa, kuma kallon tablo har gobe ba zai sa ka ji shi ba, sai an yi ta maimaita maka su biyun kana saurare. A nan kowa yaron kunne ne. Sai pain da faim, burodi da yunwa. Hausa ba ta raba p da f, sauti ɗaya ne a wurinmu, mu mutanen Adar ma sau da yawa h ko hw muke mayar da shi. Hanya mafi sauri ita ce yaro ya kalli bakin mushe, ya sa yatsa a nasa, ya ji cewa a p leɓe biyu ke haɗuwa, a f kuwa haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Ga ido, ga kunne, ga hannu, cikin minti ɗaya, kuma duk ajin ke bukata.

Haka abin yake ga baƙon da ke koyon Hausa. Kukan yaro da kukar miya, in ka cire ɗafin, kuka da kuka ne a rubuce, karin sauti ne ya raba su. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne ya raba su, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi. Bature ya zo ya ce shi visuel ne, to sai ya yi ta kallo. Ni ma abin yana ba ni sha'awa yadda Hausa take faɗin sanin harshe. Ba mu cika cewa wane ya san Zabarmanci ba, cewa muke yana jin Zabarmanci. Kuma wannan ji ɗin shi ne na jin sanyi, jin ƙanshi, jin daɗi, jin magana. Kalma ɗaya ta tattara kunne da fata da hanci da hankali. Kakanninmu ba su yanka mutum kashi uku ba kafin su koya masa magana.

Akwai kuma abin da takardar ba ta tambaya ba ko sau ɗaya, alhali shi ya fi raba yaro da yaro a ajin Faransanci: wane harshe kuke yi a gida? Na ga la soleil a kayen ɗan kawuna, an ja masa jan bik, ba bayani. Wannan kuskure ne mai hankali a ciki. A Hausa rana mace ce, rana ta fito, wata kuma namiji, wata ya tsaya. Faransanci ya juya su: le soleil, la lune. Yaron ya riga ya san suna yana da jinsi, abin da ya rage a ce masa jinsin Hausa ba ya bin kalma zuwa Faransanci, kowace sai an riƙe ta da le ko la ɗinta. Ɗan Zabarma da ke zaune kusa da shi matsalarsa dabam ce, domin Zabarmanci ba shi da jinsin nahawu, a ɗaya ce take tsaya wa namiji da mace. Shi sai an fara gina masa tunanin daga tushe. Yara biyu, kuskure mai kama da juna, magani biyu. Malamin da ya san harsunan ɗalibansa zai gane wannan. Wanda ya riƙe a, b, c ba zai taɓa gani ba.

To in ba salo ba, mene ne yake sa wani ya kama harshe wani ya kasa? Ba sai mun je nesa ba. Dubi makarantar allo. Yaro yana rubutu da tawada da hannunsa, yana kallon baƙi, yana ɗaga murya yana jin kansa, yana rausaya jiki. In da haɗa ƙofofi ne kaɗai sirrin, da duk wanda ya sauke ya zama mai jin Larabci. Amma mun san mutum yana iya saukewa, har ya haddace, bai iya hira da Balarabe ba, kuma wannan ba aibi ba ne, domin manufar wannan mataki kiyaye nassi ne da furuci. Larabci yana fara shiga ne a zaure, lokacin da aka ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ɗalibi yana jan baƙi, malam yana ba shi ma'ana da Hausa, gaɓa gaɓa. Abin da ya ƙaru shi ne ma'ana, kuma ta kan harshen gida ta hau.

Dubi kuma ƴan ci-rani. Mutanenmu na Adar da ke tafiya Abijan suna dawowa da Julanci a baki, waɗanda suka bi Libiya ko Aljeriya suna dawowa da Larabcin kasuwa. Ɗan Maraɗi ya sauka Katako bai san ko fofo ba, kafin shekara ta zagayo yana ciniki da Zabarmanci har da ba'a. Ba wanda ya raba musu takarda. Abu uku suka samu. Suna jin harshen daga safe har dare cikin yanayin da ma'ana take a fili, ga kaya ga kuɗi ga fuska. Suna da bukata, in ba su yi magana ba ba ciniki. Kuma in sun yi kuskure, a gyara musu a wuce, ba bulala.

Waɗannan su ne masana suka daɗe suna nunawa. Stephen Krashen a shekarun 1980 ya ce harshe yana shiga ne in mutum yana samun magana mai yawa wadda yake fahimta, mai ɗan ɗara matakinsa kaɗan. An soki ra'ayinsa ta fuskoki da yawa, amma ba wanda ya ce ana koyo daga abin da ba a gane ba. Merrill Swain a 1985 ta duba yara masu Ingilishi a Kanada da ake koyar da su da Faransanci shekara da shekaru, ta ga suna fahimta sosai amma nahawunsu yana ɗingishi, domin ba a cika ba su filin doguwar magana ba. Ta ce saurare bai isa ba, sai an matsa wa mutum ya furta. Jim Cummins kuma tun 1979 yake cewa abin da yaro ya gina a harshensa na farko, kamar iya karatu da tsara tunani, yana ƙetarawa da shi zuwa na biyu.

Yanzu ku auna ajinmu da wannan ma'auni. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya shiga CI, aka tarbe shi da harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a masallaci. Ana so ya koyi harshen da karatun boko a lokaci guda. A aji mai mutum saba'in ko tamanin, sau nawa layi zai zo kansa ya yi jimla cikakkiya a mako? Ga kuma sambol, wanda har zamaninmu bai mutu ba a wasu wurare. Ni na rataya shi, ƙashi ne da igiya, kuma darasin da ya koya mini shi ne shiru ya fi lafiya. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da tara cikin goma na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake bukata ba wajen karatu. Wa zai ce duk waɗannan ƙofarsu ce ba a gano ba? In yaro ɗaya ya faɗi, a duba yaron. In tara cikin goma suka faɗi, a duba ɗakin.

Kuma ba a ce ba mu san hanya ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa da harsunan gida a littafinsa L'Éducation en Afrique tun 1964. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo a hankali. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Sai dai a nan ina jan kunnenmu mu Hausawa: darasin shi ne yaro ya fara da harshen da yake ji. In muka tarbi ɗan Tillaberi ko ɗan Diffa da Hausa yadda aka tarbe mu da Faransanci, mun canza igiyar sambol ne kawai, ƙashin yana nan.

Kada in zama mai rashin adalci. Masu maganar salon koyo sun faɗi gaskiya guda: yara ba ɗaya ba ne, kuma malamin da ke kwafe darasi a tablo ya juya baya har a kaɗa ƙararrawa yana cutar su. In formasiyon ya sa mushe ya kawo hoto, ya sa waƙa, ya sa yara su tashi su yi wasan mai saye da mai sayarwa, alhamdu lillahi. Amma amfanin ya zo ne domin kowane yaro yana ƙaruwa in ma'ana ta zo masa ta hanyoyi da yawa, ba sai an ware wasu an ce ku hoto, ku waƙa ba. Haka nan gaskiya ne wani ya fi wani kaifin kunne ko saurin gano ƙa'ida, Carroll da Sapon sun tsara gwajin wannan baiwa tun 1959. Sai dai akwai abin da ya fi baiwa amfani ga malami, wato dabara. Joan Rubin a 1975 ta lura da masu saurin koyon harshe, ta ga suna yawan cinkar ma'ana, ba su tsoron kuskure, suna neman inda za su gwada bakinsu. Dabara ana koyar da ita, ana canza ta. Lamba kuwa manne wa mutum take yi. Ina da abokiyar karatu da ta daina buɗe littafin Ingilishi, wai ita auditive ce, fim ya ishe ta. Takardar ta ba ta izinin gudun abin da ya fi mata wuya, wanda kuma shi ta fi bukata.

A hutun Disamba na je garajin. Maigidan mutumin Benin ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Ina tsaye sai na ji murya daga ƙarƙashin mota tana tambayar inda aka ajiye clé de douze, da Faransanci, jimla cikakkiya, har da tsokanar wani aparanti. Ɗan kawuna ne. Yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba. Da na ba da labari a fada, wani abokina ya ce to ka gani, takarda ta yi gaskiya, da ya taɓa ƙarfe sai harshe ya buɗe. Na ce a'a. Direban da ke zaune kan benci yana jiran mota bai taɓa ƙarfe ba, shi ma a bakin hanya ya tsinci Faransancinsa. Abin da garaji ya ba yaron nan shi ne abin da Katako ke ba ɗan Maraɗi: magana mai ma'ana duk yini, bukata, da wurin da kuskure ba ya jawo bulala ko dariyar mutum tamanin. Lakwal na iya ba shi waɗannan, ba ta ba shi ba.

Kuma garaji yana da iyaka. Na ce ya rubuta mini sunayen kayan da suka canza a motar, ya rubuta buji a wurin bougie. A ƙa'idar Hausa ya rubuta daidai, wannan ya nuna kansa yana aiki. Amma ba zai iya rubuta wa mai mota takardar kuɗi ba, ba zai iya karanta littafin injin ba, kuma motocin da ke shigowa yanzu da na'ura ake duba su. Yaron hannu ma sai da ido.

Yanzu muna da yarjejeniya ni da shi. Kowace Juma'a yana turo mini saƙon murya ta WhatsApp, ya ba ni labarin gyaran da suka yi da Hausa, sannan ya maimaita da Faransanci, sannan ya rubuta layi biyar a kaye ya ɗauki hoto. Ina gyara biyu, in bar sauran. Kawu kuwa na koma na durƙusa na ce masa maganar da na yi a kan tuwo kuskure ce, ban san abin da nake faɗa ba. Ya yi shiru, ya ce: "Mu gani." Har yau muna gani.

Ƴan uwa, in an miƙo muku wannan takarda, ku karɓa da ladabi, bayanta fari ne, yana da amfanin lissafi. Amma kafin ku ce wa uban wani ga irin kan ɗansa, ku tambayi yaron, da harshen da yake ji: me ake yi a gidanku, me ka gane cikin abin da na faɗa yau, kuma yaushe rabonka da yin magana a aji ba a yi maka dariya ba? Allah ya sa mu gyara fiye da yadda muka ɓata.